Neman Kilarinet Bas a Yamai da Ɗinkakken Ciki

Muna sallame sallar asuba munka nufi tashar Filinge, gari bai gama wayewa ba. Mu uku ne: ni, da tsohon sojan nan da ke riƙe da ƴar fanfar ta garinmu, wato ƙungiyar masu busa da kiɗa, wanda kowa ke ce ma Sarjan, da makaɗin gangata da muke tare tun ba mu da gemu. Yamai za mu, sayen abin busa. Ku da kunka dame ni a waya da tambayar ina na shige, ga labarin. Ku yi haƙuri da rubutun, aji biyu na yi a lakwal kafin malamin ya gane ɓarnar alli yake.

Ga wanda bai san ni ba, algaita ce sana'ata, ko in ce ita ce sana'ata a da. Biki, suna, kokawa, tarbar baƙi, ba inda ba a ga kumatuna ba a ƙasar Kurfai. Bara bayan girbi ƙaba ta sauko mini ana tsakiyar kokawa, anka kwashe ni a amalanke, anka yi mini aiki anka ɗinke. Lokotoro ya ce in na sake busa algaita ɗinkin zai buɗe, shi kuma ba tela ba ne da za a riƙa mayar mishi da gyara. Algaita yunƙuri take so kamar naƙuda. Tun daga nan aikina a fanfar ya koma jera kujeru da tsaron takalman mutane. Sarjan ne ya ce ya san wani abin busa tun yana soja, kilarinet bas, tana cin iska da yawa amma ba ta son yunƙuri. In cikina ya ɗauka in koma sahu, in bai ɗauka ba kujeru na nan suna jirana. Na sayar da maraƙina da tumaki biyu, na ɗaure kuɗin ƙarƙashin riga, daidai kan ɗinkin, don duk abin da zai fashe ya fashe wuri guda.

Mai ɗakina ba ta raka ni ko ƙofa ba. Ita dama ba ta taɓa tambayata ina za ni ba tun da munka yi aure, don algaita ce ke faɗa mata. Tana daka a tsakar gida ta san unguwar da nake, ta san ko an yi mini kari ko an hana. Abin da kawai ta ce shi ne kada in sayo abin da zai kori kajinta.

Motar ƴar iyas ce, ƙaramar bas ɗin nan, an cusa mu kamar goro a huhu. Mun bi ta cikin dallol, wato kwarin nan mai faɗi, duwatsun nan jajaye na gefe guda, gao da goriba na tsaye cikin gonakin da babu komai sai kututturen hatsi, don bazara ce. Gudiron, wato kwaltar, yana da kyau inda yake da kyau. Inda ya mutu kuwa direba ba ya rage gudu, sai dai ya ce bisimilla. Kowane rami munka faɗa sai in dafe ciki da hannu biyu, har wata tsohuwa da ke kusa da ni ta tambaya wata nawa ne.

A Bonkuku munka fara tsayawa. Nan ruwa ba nisa, shi ya sa lambunansu ke kore ko da rani. Mata sunka kewaye motar da rogo da dankali da mangwaro, ana ciniki ta taga da Zabarmanci da Buzanci, Hausa ta koma ta ukunsu. Mangwaron ya yi tsada in an gwada da bara, amma ya fi na kasuwarmu zaƙi, don haka na saya na yi shiru. Daga nan har wajen Damana shinge ne bayan shinge. A sauka, a nuna kartidantite, wato katin shaida, a bi layi, a koma. Ba wanda ya yi ƙorafi, kowa ya san dalili, ƙasar ba lafiya. Hoton da ke jikin katina an ɗauke shi ne ina da kumatu, wani soja ya daɗe yana dubana yana duban katin kafin ya yarda ni ne.

Mun faɗa Baleyara ranar kasuwarta, ran Lahadi, direba ya ce sai ya sauke buhunan wani ya ɗora na wani. Munka zauna rumfar wata mata munka ci kopto, wato kwaɗon zogale da ƙuli, munka bi da fura. Daga inda muke ana hangen kara, shanu da raƙuma da tumaki har inda ido ya tsaya. Na daɗe ina kallon masu sayen raguna, a kama rago a buɗe mishi baki a duba haƙora, a matsa ƙugu, a ja shi ya taka. Na ce ma makaɗina haka za mu yi ma abin nan in munka isa, ba za a cuce mu ba. Sai da na faɗa sau uku, na ƙarshe a cikin kunnenshi, don shi magana in ba da ƙarfi ba ba ta shiga. Mun saba da hakan har ba ma lura.

Bayan Hamdallai hanya ta gyaru, motoci sunka yawaita, munka shiga Yamai da azahar rana na dukan ƙwaƙwalwa. Mun sauka gidan ƙanen Sarjan. An ba mu shinkafa da kifin kogi, abin da a Filinge sai dai busasshe. Ruwan sha kuwa a leda, na saye, mai sanyi. Na lissafa abin da gidan ke sha a yini na gode ma Allah da rijiyarmu.

Da hantsi washegari Sarjan ya kai mu wurin mai kayan. Rumfar kwano ce a bayan wani gida, an rataye ƙahonni na tagulla a bango, wasu sun lotse, wasu ba baki. Mai wurin tsohon soja ne shi ma, tare sunka yi fanfar da Sarjan, yanzu gyara yake yana sayar da na hannu da sabbi jefi-jefi. Yana buɗe baki na ji Ba'adare ne. Ku da ba ƴan nan ba, tsakanin Bakurfaye da Ba'adare wasa ne tun kakanni, ba a fushi.

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Sarjan, wanga tsohon Bakurfaye sayar mini da shi za ka yi, ko kyauta ka kawo?"

Na ce, "Ubangidanka ne ya zo ganin ko kana aiki. Ga cuku na kawo maka, ka huta da cin albasa."

Ya karɓe cukun bai ce na gode ba, ya jawo akwatuna uku dogaye daga ƙarƙashin tebur ya fara harhaɗa abin. Ban taɓa ganin irinta ba. Baƙa ce, tsawon taɓarya, jikinta duk maɓallan ƙarfe, wuyanta a lanƙwashe kamar na balbela, ƙasanta kuma ya juyo sama kamar lofen taba. Tana da ƙafa guda ta ƙarfe da ake kafawa a ƙasa, mai busa ya zauna kan kujera ya rungume ta tsakanin gwiwoyi. A bakinta ake ɗaure wani ɗan kara fiffike da suke ce ma ansh, shi ke ba da murya.

Na miƙa hannu zan fara dubawa yadda na gani a Baleyara, sai ya ce in buɗe baki. Na zaci wasan ne. Ashe da gaske yake, don haƙoran sama ne ke dafe bakin kilarinet, in babu su zancen ya ƙare. Ya kama haɓata ya juya ni wajen haske ya leƙa.

Ya ce, "Biyun gaba na nan. Goro ya mai da su jar ƙasa, amma za su yi shekara biyu suna noma."

Haka na zo sayen rago anka fara da duba haƙorana.

Ya wanke bakin abin da ruwan jabel mai kashe ƙwayoyin cuta, ya jiƙa ansh ɗin, ya nuna mini yadda ake yi: a naɗe leɓen ƙasa kan haƙora, a dafa na sama, kumatu su zauna lafiya. Na ce na ji. Amma baki yana da nashi hankali. Ina sa ta a baki na haɗiye rabin kan kamar yadda ake ma algaita, kumatu sunka tashi, na yunƙura. Ta yi wani ƙara kamar ɗan akuya ya maƙale a darni. A daidai lokacin na ji wani abu ya tsunkule ni a ƙasan ciki, kan ɗinkin. Na ajiye ta a hankali. Na zauna ina sauraren cikina, ba wanda ya yi dariya. Sarjan ya miƙo mini ruwa. Da tsunkulin ya lafa na shafa wurin na ji ba abin da ya kumburo.

Ba'adaren ya ce, "Ba kokawa anka ce ka yi da ita ba. Huci za ka yi, kamar kana ɗumama hannu da sanyin safe."

Na yi hucin. Wata murya ta fito daga can ƙasa, ta biyo ta ƙafar ƙarfen ta shiga kujerar da nake kai. Kamar bajimi yana gunaguni cikin rijiya. Ban san lokacin da na waiga ba don in ga wa ya yi.

Daga nan munka shiga gwaji ɗaya bayan ɗaya. Ta farko sabuwa ce fil, maɓallanta na walƙiya, ita idona ya fara so. Sai dai ƙarfenta laushi gare shi, Sarjan ya danna wani maɓalli da ɗan yatsa ya nuna mini yadda yake lanƙwasa, kuma muryar can ƙasa ba ta fita sai an lallashe ta. Ya ce wagga ba za ta kai damina biyu ba a hannun mutanenmu. Ta biyu tsohuwa ce ta baƙin itace, mai nauyi, muryarta kuwa ko ni jahili na san ta fi sauran daɗi. Na riƙe ta na daɗe. Amma kowace busa sai na ɗan ƙara ƙarfi, ina ƙarawa ɗinkin na gaishe ni. Da na faɗa, mai wurin ya toshe ƙasanta da tsumma, Sarjan ya rufe ramukan, shi kuma ya zuƙi taba ya hura a ciki. Sai ga hayaƙi na fitowa siriri ta wata tsaga da ido ba ya gani, kusa da wuya. Ya ce zai iya liƙe ta, amma zafin Filinge zai sake buɗe ta, itacen ƙasar sanyi ne. Na ce ni da ita ciwonmu ɗaya, ba za mu iya riƙon juna ba.

Ta ukun ba ta da kyan gani. Ta baƙar roba ce mai tauri, duk ta kakkarce, lofen ya lotsa gefe guda, an ɗaure wani maɓalli da zare. Wata makaranta ce ta sayar mishi da ita. Amma fatun da ke rufe ramukanta sabbi ne, shi ya sa su da hannunshi, ba inda iska ke zurara. Ina huci tana amsawa. Na dafa ɗinkin da hannun hagu na busa da na dama kaɗai, ban ji komai ba. Cikina ya zaɓa tun kafin a tambaye ni.

Saura gwaji ɗaya, wanda ba mai algaitar da ke sayen sabuwa bai yi shi ba. A tura mutum ya yi ta tafiya kana busa, inda ya daina ji ya ɗaga hannu. Algaitar kirki sai mutum ya fita gari ya zama ɗan tsito kafin hannun ya tashi. Na ce ma makaɗina ya tafi. Na cika ƙirji na busa. Bai fita daga inuwar rumfar ba ya ɗaga hannu. Na ce ya dawo mu sake. Wannan karon ko juyawa bai yi ba, yana tsaye gabana ya ɗaga. Munka gwada sauran biyun, duk haka.

Na jingine ta a gefe. Mi za a yi da abin busa da ba ya kiran mutane? A wurinmu busa ita ce gayyata, ita ke shaida ma ƙauyen gaba cewa an fara. Na ce ma Sarjan, "Mu tahi gida. Maraƙina bai yi laifin da za a musanya shi da gunaguni ba." Na fara tunanin kujeru, da yadda zan ce ma mutane tsada ce ta hana.

Ba'adaren bai yi gardama ba. Ya ce kafin mu tafi in yi mishi alfarma guda, tunda na ci mishi lokaci. Ya ɗora yatsuna inda yake so, ya ce in riƙe murya ɗaya tak, ta ƙasa, kada in canja. Ya sauko ma Sarjan da wani ƙaho daga bango, ya tura ma makaɗina gwangwanin fenti. Sarjan ya ɗauko wani taken kokawa da muke yi a gida. Ni dai ina ƙasa ina huci. Abu guda algaita ta bar mini da lokotoro bai hana ba: mu ba ma tsayawa shan iska, muna ja ta hanci muna turawa da kumatu, busa ba ta yankewa. Na ga mai wurin yana kallon agogo yana kallona, yana jiran in shiɗe. Ban shiɗe ba.

Ana tsakiyar taken ya ɗaga mini hannu in tsaya. Na tsaya. Sarjan bai daina ba, makaɗi bai daina ba, amma kiɗan ya zama wani iri, kamar rumfar da anka zare ma ginshiƙi tana jiran iska. Sarjan da kanshi ya sauke ƙahon. Sai wata mata da ke suyar farimasa a bayan katanga ta ɗaga murya da Zabarmanci. Na tambaya mi ta ce. Anka ce tana tambaya ina mai ta ƙasan ya tafi.

Makaɗina ya ce da ƙarfi, yadda yake magana kullum, "Ni ban ji ta ba, amma gwangwanin ga na ta kaɗawa a hannuna, yanzu ya bari."

Sai a lokacin na tuna wa na aika gwajin nisa. Mutumin da ya yi rayuwarshi duka da bakin algaitata a gefen kunnenshi. Gwajin ya yi mana aiki shekara da shekaru ne don algaita ko kurma na jin ta. Ba'adaren ya yi dariya har ya zauna ƙasa, ya ce wannan labari sai ya kai shi garinsu Tawa da kanshi. Duk da haka ya faɗa mini gaskiya, ba za ta taɓa kai wa ƙauyen gaba ba. Aikinta ta zauna ƙarƙashin sauran ta ɗauke su.

Cinikin bai yi tsawo ba. Maraƙin ya tafi da tunkiya guda, ɗayar ta dawo gida a aljihu. Ya ƙara mini ansh kaɗan a kwali, ya ce in riƙa jiƙa su kafin busa, in goge cikinta da tsumma in na gama, kada in bar ta a rana. Sharaɗin da ya fi ƙona mini rai shi ne na goro. Ba a busa ta da goro a baki, tukar na shiga ta manne a fatun. Na ce wannan ba ya cikin ciniki. Ya ce Bakurfaye in an hana shi tauna ai ya huta da ƙarya ma.

Komawa gida mun tashi da sassafe. Direba ya so ɗaure akwatin a kan mota tare da buhunan shinkafa da wata akuya, na ƙi, na biya mata kujera. Ta zauna kusa da taga, ni a tsakiya. A shingen da ke bayan Baleyara wani soja ya ga dogon baƙin akwati ya ce a sauko da shi a buɗe, kuma da gaskiyarshi. Ya ga guntayen ƙarfe da bututu, fuskarshi ba ta saki ba. Sarjan ya yi mishi bayani da Faransanci, sojan ya ce ya ji, amma a busa ya gani. Na harhaɗa ta a bakin hanya, na zauna kan buhun wani, na tofar da goron da na ɓoye a kunci, na yi huci. Wani raƙumi da ke wucewa ya tsaya ya waigo. Sojan ya ce mu tafi, Allah ya ba da sa'a.

Mun shiga Filinge da la'asar. Mai ɗakina ta dubi abin ta dubi lofen ta ce ko taba na koma sha da tsufa. Na busa mata a tsakar gida, kaji ko kai ba su ɗaga ba. Ta ce to, wannan dai ta cika sharaɗi. Ni kuwa a raina na fara murna da wani abu dabam: tunda ba a ji na daga nesa, yanzu zan iya cewa ina wurin biki alhali ina rumfar masu dara.

Sati bai cika ba anka kira mu wani suna a unguwar kasuwa. Murya uku kaɗai na iya zuwa lokacin, Sarjan ya ce sun isa. Ina zaune ina huci, ɗinki lafiya lau, sai na hango ta tsaye a bayan mata da mayafinta na fita. Tun da nake busa ba ta taɓa zuwa inda nake wasa ba. Da munka tsaya na je na tambaye ta ko lafiya.

Ta ce, "Da ina daka ina jin ka, na san kana tsaye da ƙafarka. Yau na kasa kunne shiru. Shi ne na ce bari in zo in gani ko an sake kwasarka a amalanke."

Abin da tafiyar ta koya mini ba shi da yawa. In za ku sayi irin wagga, kada ku bi walƙiya, ku sa a hura mata hayaƙi, ku zaɓi wadda ke amsawa ba da faɗa ba, ta itace kuma ku bar ma masu sanyi. Ku je da haƙoranku. Kada ku aiki makaɗi gwajin nisa. Algaita tana rataye a ɗaki, nakan goge ta ran Juma'a. Zancen dara kuwa ya mutu, don yanzu duk inda anka kira mu tana biye. Jeran kujeru an ba wani, amma har yau ina ɗaukar guda biyu da kaina, ɗaya tawa don a zaune ake busa abin, ɗaya tata, kusa, inda ake ji.